Na yi wa tsohuwar motata fenti sau biyu a shekara ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ba siyasa ba, ba kuma tsaro ba, wato fentin mota. Kada ka ce na rasa abin faɗa. Jaridarka ma tana da hannu a cikin lamarin, domin ranar da aka fesa wa motata fenti, da tsofaffin shafukanta aka lulluɓe gilasai. Ina tsaye a gefe ina karanta labarin da ya kwana biyu a jikin gilashin gaba, har bindigar fenti ta bi ta kansa ta shafe shi.

Ni direba ne, burodi nake rabawa. Kullum bayan sallar asuba nakan yi lodi a wani gidan burodi a Tudun Wada da ke Kaduna, in bi ta Kasuwar Barci, in shiga Rigasa, in fito ta titin Nnamdi Azikiwe in nufi Mando da Kawo, ina sauke wa masu shayi da masu shaguna. Motar tawa ce ta kaina, Toyota Hiace ƙirar 1998, fara, 'yar Kwatano, sai dai kafin ta iso hannuna ta bi ta hannun mutum biyu. Injinta lafiya lau, ban taɓa kwana a hanya saboda shi ba. Jikin ne ya gaji. Tsatsa ta ci gefen rufi inda ruwan sama ke bi ya gangara, ta ci ƙasan ƙofar nan mai zamewa, ta ci saman tayoyin baya da ƙarƙashin robar gilashin gaba. A daminar 2023 ruwa ya fara ɗiga cikin mota. Burodin yana cikin leda, amma kwalayen da nake jera shi a ciki suna jiƙewa, ga warin danshi. Wani mai shayi a Rigasa, dattijo ne mai barkwanci, ya leƙa ciki wata safiya ya ce, "Malam, wannan motar taka ko akuya aka saka a ciki sai ta yi ƙorafi, balle burodi." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida.

Na fara zagaya neman farashi a ƙarshen shekarar. Kowa ya san yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta zube, ga shi yawancin kayan fentin mota daga waje ake shigo da su. Wani wuri mai ɗakin fenti, irin wanda ake kira oba, suka ce naira dubu 600, kuma in bar motar mako biyu. Kuɗin bai tsorata ni kamar mako biyun ba. Wanda motarsa ce gonarsa ya san abin da nake nufi. In na ajiye ta kwana goma sha huɗu, kafin in dawo masu shayina sun koma wa wani.

Sai aka kai ni wani gareji. Ba zan faɗi sunan mai shi ba, ba zan faɗi unguwar ba, don ba tona asiri ya kawo ni ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya buga ta da tafin hannu nan da can, ya ce dubu 220. Na ce Allah ya sauwaƙe. Muka yi ta ja har na kai shi dubu 130, kuma kwana uku. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To Alhaji, kawo." Ban je Makka ba, amma mai fenti in zai karɓi kuɗinka Alhaji yake ce maka. Na koma gida ina yi wa maiɗakina alfahari na iya ciniki. Ta ce, "Allah ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu."

A watan Janairun 2024 aka yi aikin, tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke rufe garin har ba ka hango ƙarshen titi. Na je na zauna a wurin, kuma duk abin da aka yi a gabana aka yi shi, sai dai a lokacin ban san abin da nake kallo ba. Yara suka wanke motar da garin sabulu, suka bi ta da sanfefa sama-sama. Inda tsatsa ta huda ƙarfe, aka ɗan kankare, aka cusa guntun raga ta waya, aka kwaɓa fila, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, aka shafe kamar mai yaɓen ɗaki. Firaima kuwa, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, a kan wuraren da aka cike kaɗai aka watsa. A rana ta uku bayan azahar, a fili, iska na kaɗawa, aka zuba wa fenti tina, ruwan da ake tsinka shi da shi, har ya zama kamar kunu marar kauri, aka fesa. Ba a cire mariƙin ƙofa ba, ba a cire fitila ba, robobin gilashi ma sun sha nasu rabon.

Gaskiya da aka yaye jaridun, motar ta yi kyau. Daga nesa sai ka ce sabuwa. Da na shafa da hannu na ji kamar ina shafa yashi, na ce, "Oga, wannan fa?" Ya ce, "Zai kwanta, Alhaji. In ta sha rana sau biyu zai kwanta." Ƙura ce ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna daram, ba inda za ta kwanta, amma na yarda don ina son in yarda.

Na yi azumi da ita, na yi ƙaramar salla da ita a watan Afrilu, na kai iyali Zariya gaida dangi, kowa yana yi mini murna. Ruwa ya sauka. Zuwa watan Yuli gefen rufin ya fara fitar da ƙuraje, ƙanana-ƙanana kamar ƙyanda, in ka danna da farce sai jan ruwa ya fito. A watan Agusta ina gangarowa daga Kawo na faɗa wani rami, na ji abu ya faɗi. Na tsaya na duba, ashe filar ƙasan ƙofa ce ta ɓalle, faɗin tafin hannu, kaurinta ya kai yankan burodin da mai shayi ke yi wa mai kuɗi. Ramin da ke ƙarƙashinta ya ninka yadda yake kafin a taɓa shi.

Na ɗauki guntun filar na tafi garejin raina a ɓace. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙo mini. Ya ce, "Alhaji, aikin dubu 130 ka biya, aikin dubu 130 aka yi maka." Na faɗa masa maganganu, shi ma ya faɗa mini, mutane suka shiga tsakani.

Malam Edita, a nan ne nake so masu karatu su tsaya tare da ni. Duk wanda na ba labarin sai ya ce, ai araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na yarda da rabin maganar. Ni na matsa masa, ni na ce kwana uku, ni na ƙi sauraron dubu 220. Laifina ne wannan, ban ɗora wa kowa ba. Amma mai sayen rariya yana ganin hudojinta kafin ya biya. Ni ban ga nawa ba, an shafe su da fila. Da na rage masa dubu 90, shi ya san daga ina zai cire su: daga walda, daga firaima, daga kwanakin guga. Ni a zatona daga ribarsa nake ragewa. Da ya ce, "Malam, da wannan kuɗin launi kawai zan canza maka, tsatsar tana nan, damina ɗaya za ta dawo," da na san abin da na saya, kuma wataƙila da na ce a bar fentin a yi mini waldar rufi kawai.

Daga baya na fahimci cewa su kansu masu sana'ar sun san fenti iri biyu ne. Akwai wanda ake yi wa motar da za a kai wa dillalai, a wanke mata fuska ta yi sheƙi na 'yan makonni. Akwai kuma wanda ake yi wa motar da mai ita zai ci gaba da neman abinci da ita. Na farkon ma, in an duba, cutar mai saye ce, amma wannan wata magana ce daban. Abin da nake cewa, me zai hana mai fenti ya tambaye ka tun farko, sayarwa za ka yi ko riƙewa?

Wanda ya buɗe mini ido kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ya yi shekaru yana aiki a kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975 da 504, motar da har yau za ka ga wasu suna yawo da ita a ƙauyuka. Ya tsufa, ba ya fita sosai, amma da ya ji labari ya ce in kawo motar. Ya fito da wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifikar rediyo, ya naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ya riƙa bin jikin motar da shi. Inda ƙarfe yake sai ya manne. Inda fila ta yi kauri sai ya zame ya faɗo hannunsa. Ya faɗo a wuri bakwai. Ina da 'ya'ya biyar, amma ya dube ni ya ce, "Kai yaro, laka ka saya." Na ce, "Kawu, ai ban sani ba." Ya ce, "To zauna."

Abin da ya koya mini a ranar shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ya ce tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi. Muddin ta rage ko kaɗan a ƙarƙashi, tana ci gaba da cin ƙarfe, ta kumbura, ta ɗago duk abin da aka ɗora mata. Fila kuma tana shan ruwa, shi ya sa in aka cike huda da ita, ruwa ya shigo ta baya, sai ta zama soso manne da ƙarfe, ramin ya ƙara faɗi. Aikinta daidaita 'yar lotsawa ne bayan mai gyaran jiki ya buga ƙarfe ya miƙe, a shafa ta siriri, ba a gina bango da ita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji shi, kuma a jikin mota ƙadangaren ruwa ne.

Na tambaye shi batun oba, ko da can na kai da na tsira. Ya yi dariya. Ya ce a masana'anta jikin mota tsirara ake gasawa, babu roba, babu waya, babu kujera, shi ya sa ake iya kai zafin sama da digiri 140. Ɗakin fentin da ake da shi a gari ba ya wuce wajen digiri 60, don in ya wuce haka robobi da wayoyin motar ne za su lalace. Amfaninsa na gaske shi ne hana ƙura sauka da saurin bushewa, kuma amfani ne babba a garin da ke da hunturu irin namu. Amma oba ba ta kashe tsatsa. In aka shigar da mota da ruɓaɓɓen ƙarfe a ƙarƙashin fila, za ta fito da shi yana sheƙi.

Karo na biyu sai na yi yadda ya ce, kaɗan-kaɗan, ba tare da na ajiye motar ba. Na bari ruwa ya ɗauke. Na je Panteka na sayo fallen ƙarfe, na samu mai walda ya yanke duk inda ya ruɓe a rufi da ƙofa da saman tayoyi, ya ɗinka sabo. Wuri ɗaya muke yi a yini, bayan na gama rabon safe. Duk inda aka gama, a goge har ƙarfe ya yi fari, a fesa firaima mai hana tsatsa a ranar, kada ya kwana tsirara. Gugar kuwa ni da manyan 'ya'yana biyu muka yi, da yamma a ƙofar gida. Sanfefa tana da lamba a bayanta, kuma iya girman lambar iya laushinta. Mai lamba 80 ita ke cin fila, sai 180, sai 320, ta ƙarshe 600 da ruwa ake yi. Kawu ya ce a naɗe ta a jikin guntun katako, kada a guga da yatsu, don yatsu suna barin kwari da tudu. Mun cire duk fentin Janairu inda ya kumbura. Mako biyar ina yawo da mota dabbare-dabbare kamar zabuwa, fari nan, toka-toka can. Dattijon nan na Rigasa ya ce yanzu kuma kuturta ta kama ta.

Kayan fentin da kaina na sayo, tare da sabon mai fentin muka je shago, don in ga gwangwanin a rufe. A jikin motocin Toyota akwai ɗan faranti da aka rubuta C/TR, lambar da ke gabansa ita ce lambar launin motar, tawa 058 ce. Ka kai wa mai haɗa fenti wannan lambar, ya fi ka ce masa "fari", don fari kala-kala ne. Na so in mayar da ita shuɗiya, Kawu ya hana. Ya ce takardun mota fara suka ce, in ka canza launi ba ka gyara takarda ba, kowane shinge sai ka yi bayani, ga cikin ƙofofi da zai ci gaba da zama fari yana tona maka asiri. Muka ɗauki irin fentin da ake kira 2K, wanda ake haɗawa da hadina ya yi tauri, kuma ba ya buƙatar a ɗora masa kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi mai sa sheƙi, a sama. Ga motar aiki, wannan ya wadatar. Awon haɗin yana rubuce a jikin gwangwani, na ce da shi za a bi, ba da ido ba.

A farkon watan Nuwamba aka fesa, da sassafe, kafin iska ta tashi, kafin kuma ƙurar hunturu ta kankama. An kewaye rumfar da tamfol, an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, an cire fitilu da mariƙan ƙofa da madubai. Kwana biyu kaɗai motar ta yi a ajiye. Walda ta ci dubu 70, kaya dubu 125, ladan mai fenti dubu 80, jimla dubu 275. In ka haɗa da dubu 130 da na zubar a Janairu, na kashe dubu 405 a kan aikin da ya kamata ya tsaya a 275. Ba zan yi ƙarya in ce ta fito kamar ta kanti ba. In rana ta yi yamma ta haska gefenta, za ka ga 'yan igiyoyin ruwa inda hannuna da na yara bai daidaita ba, kuma a ƙofar baya akwai wurin da fenti ya zubar da hawaye. Amma ta sha daminar 2025 gaba ɗaya, kwali ɗaya bai jiƙe ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi kuɗin damuna. A duka garejin biyu, ba maigidan ne ke riƙe bindiga ba, yaro ne. Na farkon bai fi shekara goma sha shida ba. Hankici ya ɗaura a hanci, hazon fenti ya lulluɓe shi, girarsa ta yi fari fat. Da ya gama aka aika aka sayo masa madara, wai tana wanke ƙirji. Na daɗe ina jin wannan magana, kuma ba gaskiya ba ce. Madara ciki take tafiya, tururin fenti huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba. Hadinar da ake zubawa a fentin 2K tana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, kuma wanda ta kama ta wannan hanya, ɗan warin kaɗan ma yana iya tayar masa da ita daga baya. Hankici ba ya tare shi, takunkumin ƙyalle irin na zamanin korona ma haka. A karo na biyu na saka takunkumi mai matatar gawayi a cikin kayan da na sayo, na ce yaron ya riƙe bayan an gama. Ko shi ba cikakkiyar kariya ba ce ga irin wannan fenti, amma ya fi hankici nesa ba kusa ba. Maigidansa ya kalle ni kamar na yi almubazzaranci. Ni kuwa tunanin yaron Janairu nake yi, don a cikin dubu 90 da na yi alfaharin ragewa, wani abu daga ƙirjinsa ya fito.

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a nan Kaduna hedikwatarta take, a titin Bida, kuma tana aikin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa. Ina roƙonta, da ƙungiyar makanikai ta NATA, da shugabannin gareji-gareji, su saka maganar huhun yaran nan a gaba. Ina kuma roƙon iyayen gidan sana'ar su saba da rubuta wa mai mota abin da kuɗinsa ya ƙunsa, ko a bayan kwalin sigari ne: za a yi walda ko fila za a cusa, firaima duk jiki ko wuri-wuri, wane irin fenti, gwangwani nawa. Mai dubu 130 ya san nasa, mai dubu 600 ya san nasa. Ba kowa ke da kawu da ya yi aiki a Kakuri ba.

Mai fentin farko mun haɗu da shi kwanan baya a wajen ɗaurin aure a Unguwar Sanusi. Muka gaisa, ya leƙa waje ya ga motar, ya je ya shafa gefen rufin da hannu, ya ce, "Wa ya yi maka gugar nan?" Na ce ni da yara. Ya ce, "Da ka ba ni mako biyar, ni ma haka zan yi." Na ce, "Da ka ce in ba ka." Aka kira mu cin abinci, maganar ta tsaya a nan.

Maganaɗisun Kawu yana cikin aljihun motata har yanzu. Ya aiko sau biyu in mayar masa, amma maƙwabcina zai je duba wata bas da yake son saye ranar Asabar, ya riga ya ce in ara masa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Direban motar burodi,
Tudun Wada, Kaduna.